Kilo bakwai tsakaninsa da kaki

Ɗan yayata ya ƙi cin tsire, daga nan na san akwai magana. Yaron da tun yana ƙarami in muka biyo ta Shari' Mansur da daddare sai ya ja ni wajen masu siriye (tsirenmu ne dai, mutanen Hijaz suka karɓa suka lanƙwasa sunan), ranar nan na miƙa masa takarda cike, ga ƙuli ga albasa, ya kawar da kai ya ce, "Kawu, ina rijim," wato yana rage ci don ya rame. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, idanunsa sun faɗa. Da ya motsa sai na ji wani abu na ƙara a ƙarƙashin rigarsa kamar leda. Ledar ce kuwa. Ya naɗe cikinsa da irin wadda ake rufe abinci da ita, ya ɗora rigar roba ta masu gudu, a garin Makka, a watan da ko hannun ƙofar mota ba ya taɓuwa da rana.

Ya nemi shiga aikin soja, an ba shi ranar gwajin farko, saura kwana goma. Tsawonsa santimita 172, nauyinsa kilo 86. Abokansa da suka riga shi zuwa sun lissafa masa cewa in bai zubar da kilo bakwai ba, daga kan sikeli za a juyo da shi gida. Wani mai horarwa a nadin unguwa, wato gidan motsa jiki, ya rubuta masa tsari: a bar shinkafa, a bar gishiri, a rage ruwa, a shiga ɗakin gumi, a kwana biyun ƙarshe kuma a haɗiyi ƙwayar da ke sa yawan fitsari.

Sharaɗin da ya firgita shi ba ɓoyayye ba ne. Sanarwar ɗaukar soja ko jami'in tsaro a ƙasar nan ta Saudiyya ba ta rasa jimlar nan da samari suka haddace, tanasubuɗ-ɗuli ma'al-wazni, wato tsawo ya dace da nauyi. A sanarwar kwalejojin Ma'aikatar Tsaro, irin su Kwalejin Sarki Abdul'aziz ta sojan ƙasa, da ta Sarki Faisal ta sojan sama, da ta Sarki Fahad ta sojan ruwa a Jubail, an saba rubuta iyakokin ƙarara: mafi ƙaranci santimita 165 da kilo 52, mafi yawa santimita 188 da kilo 95. Da aka buɗe wa mata ƙofar rundunar a Fabrairun 2021, an yanka musu tsawon santimita 155, maza masu neman ƙananan muƙamai kuma 160. Akwai sharaɗin da ke gaban waɗannan duka, na zama ɗan ƙasa, wanda ya rufe ƙofar ga dubban yaranmu da aka haifa a Makka da Jidda da Madina amma iƙama, takardar izinin zama, kawai gare su. Wannan magana ce mai zaman kanta. Yau ina tare ne da waɗanda suka tsallake wancan, gidajen da ke ɗauke da sunan Hausawi da Fallata da Barnawi a katin ɗan ƙasa, waɗanda kaki ke nufin albashi tabbatacce, da bashin gida, da bakin zuwa neman aure.

To me wannan teburin tsawo da nauyi yake aunawa? In ka ɗauki nauyin mutum ka raba shi da tsawonsa sau tsawonsa a mita, lambar da ta fito ita ce likitoci ke kira BMI. Kilo 52 a kan 165 yana ba da 19. Kilo 95 a kan 188 yana ba da kusan 27. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma an shiga teɓa. Yaronmu yana kan 29. Wanda ya fara wannan lissafi, Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam ne masanin taurari da ƙididdiga, ba likita ba, kuma a shekarun 1830 abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin taron Turawa. Sai a 1972 wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yau. Lissafi ne da aka ƙera don kallon jama'a a dunƙule. In ka auna mutum dubu goma da shi zai gaya maka gaskiya game da garinsu. In ka auna mutum ɗaya, abin da zai gaya maka kawai shi ne yana da nauyi, ba zai ce nauyin mene ne ba. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ƙashi ba, bai san ruwan da ka sha da safe ba.

Kafin in ci gaba da kushe sikelin, bari in ba rundunoni gaskiyarsu, don suna da ita. Mu mazauna Makka ba sai an ba mu labarin aikin askari ba. Muna ganinsu a Mina da Jamarat da ƙofofin Harami, awa da awanni a tsaye cikin kaki da takalmi mai nauyi, wani na fesa wa alhazai ruwa, wani ya saɓa tsohuwar da ta kasa tafiya. A hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukuma ta sanar da rasuwar mahajjata 1,301. Jiki mai yawan kitse ya fi tara zafi, ya fi wahalar fitar da shi, don kitse kamar bargo ne a ƙarƙashin fata, ga shi kuma kowane taki yana cin ƙarfi fiye da na marar nauyi. Wanda aka tsayar don ya ceci wanda rana ta kayar, in shi ma ya faɗi, an samu majinyata biyu, an rasa mai ɗauka ɗaya. Haka wanda aka tura duwatsun iyakar kudu, wajajen Jazan da Najran, da sulke da bindiga da harsashi da ruwa a bayansa. Gwiwa da ƙugu ba su san bambancin kilon da ke cikin jaka da kilon da ke kan tumbi ba. Sannan ga lissafin shekaru. Wanda runduna ta ɗauka yana ɗan ashirin, ta ɗauki nauyin asibitinsa ne har tsufa, a ƙasar da ƙiyasin 2021 ya nuna kusan babba ɗaya cikin shida yana da ciwon suga. Babu rundunar da za ta ce ba ruwanta da wannan.

Abin mamaki, da can tsoron rundunoni rama ce. Lokacin yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, Ingila ta firgita da yawan samarin da aka mayar gida saboda gajarta da rama da ruɓewar haƙori, har gwamnati ta kafa kwamiti a kan lalacewar jikin jama'a, ya ba da rahoto a 1904, shekara biyu bayan haka aka yi dokar ciyar da yara a makaranta. Amurka ma dokarta ta abincin rana a makarantu, ta 1946, tana da nasaba da yawan matasan da aka ƙi ɗauka a yaƙin duniya na biyu saboda rashin abinci mai gina jiki. Yanzu reshe ya juye da mujiya. Binciken Ma'aikatar Tsaron Amurka na 2020 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na matasa 'yan shekara 17 zuwa 24 ba za su cancanci shiga soja ba sai an yi musu rangwame, kuma ƙiba ce dalili guda mafi girma. Da rashin kurata ya ishe su, a 2022 suka buɗe wani sansanin share fage a Fort Jackson, inda ake ajiye saurayi har kwana 90 ana ciyar da shi bisa tsari, ana motsa shi, har ya sauko zuwa awon da ake so, sannan ya shiga horon kurata.

Mu ma wannan juyin ya bi ta kanmu, cikin zuriya biyu kacal. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna noman auduga don haɗa guzuri, suka tsallako teku daga Sawakin, da an ɗora su a wannan sikeli, da yawansu ta ƙasa za su faɗi. Jikokinsu kuwa daga na'urar sanyaya ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa ɗakin karatu, rana ba ta fituwa sai dare, dare kuma na buros ne, wato soyayyiyar kaza, da shawarma da lemon gwangwani. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta 2024 sun ce kashi 23.1 na 'yan shekara 15 zuwa sama suna da teɓa, kashi 45.1 kuma nauyinsu ya haura ƙa'ida. In ka haɗa, mutum biyu ke nan cikin uku, har da ɗoriya. Gwamnati ta ga haka: ta sa harajin kashi 50 a kan lemon gwangwani da kashi 100 a kan abin sha mai ƙara kuzari a 2017, a shekarar ce kuma aka amince da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, daga 2019 aka tilasta wa gidajen abinci rubuta kalori a jikin jerin abincinsu. Runduna dai daga cikin jama'a take ɗiban mutanenta. Abin da ke cikin tulu shi moɗa ke ɗebowa.

Ba ƙasar da ta kai Amurka shan wahala da rubuce-rubuce a kan yadda za a auna soja, don haka kurakuranta darasi ne na kyauta. A tsarinsu na da, sikeli matakin farko ne kawai. Wanda nauyinsa ya haura teburin tsawo da nauyi sai a kawo tef irin na tela. Lissafin da aka daɗe ana amfani da shi ya fito ne daga wata cibiyar binciken sojan ruwa a San Diyego a 1984: a auna wuya, a auna ciki, a cire na wuya daga na ciki, a haɗa da tsawo, a fitar da ƙiyasin kason kitse. Mace kuma a ƙara mata awon ɗuwawu. A sojan ƙasa, namiji ɗan 17 zuwa 20 ba zai wuce kashi 20 ba, yana girma ana sassauta masa har zuwa 26 bayan shekara 40. Mace daga 30 zuwa 36.

Duba inda gizo ke saƙa. Tunda ana cire wuya daga ciki, mai kaurin wuya ya ci riba ko da tumbinsa ya kai ina. Sai aka samu sojoji suna atisayen kumbura wuya maimakon rage ciki. Mace mai faɗin ƙugu ta halitta, wadda ke gudu ta bar maza a baya, tef ya ce ta faɗi. Sannan tef ɗin a hannun mutum yake: wani saje ya ja ya matse, wani ya sassauta, wani ya ɗora a kan cibiya, wani ya ɗan hau sama, kuma santimita biyu sun isa su hana mutum ƙarin girma. Da sojan ƙasa suka gwada tef ɗin da na'urar hoto mai bambance ƙashi da tsoka da kitse a kan sojoji sama da dubu biyu, sai aka ga yawancin kuskurensa tsallakar da maza masu kitse ne, kuma ya fi kayar da mata bisa zalunci. A 2023 suka sauya: awo ɗaya a kan cibiya, a haɗa da nauyi. Suka kuma ce duk wanda ya ci maki 540 cikin 600 a gwajin ƙarfi, ba tare da ya gaza 80 a kowane fanni ba, an ɗauke masa awon baki ɗaya. A shekarar sojan sama suka koma ga wani abu mafi sauƙi, a raba awon zagayen ciki da tsawo, kada ya kai 0.55.

A ganina waɗannan biyun su ne hanya, kuma ba su da tsada. Na farko, kitsen da ke kashe mutum na ciki ne, wanda ke lulluɓe hanta da hanji, shi ke tafe da suga da hawan jini. Awon ciki ya fi sikeli kusantarsa nesa ba kusa ba. Ko a gida za ka iya: ka samu igiya ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka tsakanin haƙarƙari da ƙugu. In bakin igiyar ya haɗu, kana lafiya. In bai haɗu ba, abin da ya rage shi ne aikinka. Na biyu, in abin da ake tsoro shi ne soja ya kasa aiki, to a gwada aikin. Ya yi gudun, ya ɗaga nauyin, ya ja mutumin da ya faɗi. Sau da yawa mai jiki, wanda teburi ke hararar sa, shi ne ya fi iya tafiya da kaya a baya, siririn da ya wuce sikeli salin-alin kuma shi ne ƙashin ƙafarsa ke tsagewa a watan farko na daura, wato horon kurata. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don bincike da yawa sun nuna mutanen da asalinsu Afirka ne, a jimlace, sun fi nauyin ƙashi da tsoka a kan lambar BMI ɗaya, yayin da mutanen kudancin Asiya ke tara kitse a ciki tun lambarsu na ƙasa. Na san samari a unguwarmu da suka tashi a ɗaukar kaya da ƙwallo, ƙirji kamar ƙofa, ciki a shafe, amma teburi zai rubuta musu ƙiba.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa da babbar murya ba, shi ne ido. Dokar sojan ƙasan Amurka ta daɗe tana ambaton tsaftatacciyar siffar soja a cikin manufofinta, kuma a ranar 30 ga Satumban 2025 ministan tsaronsu, Pete Hegseth, ya tara manyan hafsoshi a sansanin soja na Kwantiko ya gaya musu a fuska cewa ganin janar-janar masu ƙiba a harabar Pentagon abin kunya ne, ya ce daga kurtu har janar za a riƙa auna kowa sau biyu a shekara. Ban raina ido ba. Kaki kwarjini ne, kuma ɗan sandan da maɓallin rigarsa ke neman tsinkewa ba ya ba ɓarawo tsoro. Sai dai in aka cakuɗa kyan gani da lafiya da iya aiki a cikin lamba ɗaya, ba wanda zai san wanne ake hukunta shi a kai. Abu ɗaya da na yarda da shi a maganar ministan shi ne a fara da manya. Dokar da ke kama kurtu ta kauce wa kanar, kuratan sun fi kowa sanin darajarta.

Wani maƙwabcinmu dattijo, ya yi ritaya da muƙamin ra'is ruƙaba, wato babban saje, muna zaune bayan isha'i muna shan shayi na kawo masa maganar. Bai ce komai ba, ya shiga gida ya fito da tsohon bel ɗinsa na aiki. Ya nuna mini rami na farko, fatar wajen ta kode ta yi baƙi. "Malam, nan na fara, ranar da muka fito daga daura." Ya bi da yatsa rami-rami har ƙarshe, sannan ga wasu guda biyu marasa daidaito da ya huda da ƙusa. "Wata shida suka ramar da ni. Shekara ashirin da biyar ta munawaba, aikin karɓa-karɓa, ta mayar da ni haka. Dare uku a jere a cikin mota, injin a kunne saboda sanyi, abin da ke buɗe ƙarfe uku na dare kuma ka san ko mene ne."

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan shi ne ɓangaren da dokokin awo a ko'ina suka fi yin shiru a kansa. Aikin dare yana hargitsa barci, ƙarancin barci kuma yana tayar da sinadaran yunwa a jiki ya kwantar da na ƙoshi, ya sa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Yawancin aikin soja na zamani zama ne, a gaban kwamfuta, a cikin mota, a bakin ƙofa. Wanda ya ji ciwo a gwiwa a atisaye zai yi watanni ba gudu, cinsa kuma bai ragu ba. Wani rahoto na 2023 ya ce kashi 68 na sojojin Amurka da ke bakin aiki sun haura ƙa'idar BMI, kusan daidai da namu na farar hula, alhali kowannensu ya wuce awo ranar shiga. Ke nan a cikin bariki aka tara kitsen. Rundunar da ke son ta sallami mutum saboda tumbi, ta fara duba abin da take zuba masa a faranti, da awannin da ta bar masa ya yi barci, da ko ta ware masa lokacin motsa jiki a cikin dawam, wato lokacin aiki, ko ta bar shi ya nema bayan an tashi.

Tsarin Amurkawa a nan yana da wani hankali da ya kamata a lura da shi. Wanda ya faɗi awo ba a kore shi nan take. Ana dakatar da ƙarin girmansa da kwasa-kwasansa, a tura shi wajen likita a duba ko akwai cuta a ƙasa, a haɗa shi da masanin abinci, a nemi ya rage fam 3 zuwa 8 a wata, wato kilo ɗaya da rabi zuwa uku da rabi. Sai ya kasa nuna ci gaba sannan a fara maganar sallama. Mace da ta haihu kuma, a 2021 aka ƙara mata wa'adi daga kwana 180 zuwa 365 kafin a auna ta. Tunda rukunin farko na matan soja a nan sun kammala horo tun Satumban 2021, wannan tambaya ta jego tamu ce mu ma yanzu.

Kula da lambar can: kilo uku da rabi a wata shi ne saman abin da suke nema. Yaronmu yana neman bakwai a kwana goma. Na zaunar da shi na yi masa lissafi a bayan takardar tsiren da ya ƙi ci. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Bakwai ke nan sun haura 53,000. Saurayi irinsa yana ƙona wajen 2,500 zuwa 3,000 a rana. Ko da zai rufe bakinsa ruf kwana goma, ba loma ɗaya, bai wuce 30,000 ba. To ragowar daga ina za ta fito? Daga ruwa da tsoka. Leda da ɗakin gumi da ƙwayar fitsari ba sa taɓa kitse ko kaɗan, matse mutum suke kamar tsumma. Kuma asarar ruwan da ta kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, wato ƙasa da kilo biyu a wajensa, ta isa ta rage masa gudu da natsuwa. Ƙwayar fitsari kuma tana fitar da gishirin da zuciya ke bugawa da shi. Sai ya hau sikeli ya wuce, a ce masa ga fili, yi gudu. Tsoka busasshiya da aka tilasta wa aiki cikin zafi tana iya farfashewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamarta fitsari ya koma kalar shayi.

A nan akwai abin da ya keɓanta da mu. Yawancinmu mun san ko muna ɗauke da rabin sikila, wato AS, tunda gwajin kafin aure ya zama wajibi a ƙasar nan tun 2004, kuma tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne abin ya yawaita. Mai AS lafiyayye ne, yana aikin soja, yana ƙwallo. Amma wani babban bincike da aka wallafa a 2016, a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000, ya gano cewa haɗarin wannan farfashewar tsoka ya fi yawa da kusan rabi a wajen masu AS, duk da cewa bai ga ƙarin mutuwa a cikinsu ba, a rundunar da ke kula da shan ruwa da hutu a lokacin atisaye. Binciken ya nuna taba tana ƙara haɗarin kwatankwacin haka, teɓa ma tana ƙarawa. Yaronmu AS ne, yana taɓa shisha a istiraha, wajen hutawar samari, da abokai, lambarsa na dab da 30, ga shi yana busar da kansa da gangan. Duk ƙofofin ya buɗe su lokaci guda.

Ban ɗora masa laifin duka ba. Ma'aunin da ake yi rana ɗaya, a kan lamba ɗaya, shi ke koya wa yara wannan dabara, kamar yadda jarrabawa ɗaya a ƙarshen shekara ke koya wa ɗalibi haddar dare ɗaya. 'Yan dambe da masu kokawa na zamani haka suke yi kafin awo, sojojin Amurka ma an sha ba da labarin masu shan maganin zawo da masu zuwa a zuƙe musu kitse kafin ranar tef. Gida ma yana da nasa kason. A wajenmu yaro in ya yi kumatu an ce yana samun kulawa, ango in bai ajiye tumbi ba bayan wata shida a ce amarya ba ta iya girki ba, baƙo in ya ɗaga hannu daga tiren kabsa a rantse masa sai ya ƙara. Yayata da ke kuka yanzu wai za a hana ɗanta aiki, ita ce shekara goma sha tara take cika masa faranti na biyu tana cewa ci ka yi ƙarfi. Da na faɗa mata haka sai ta ce, "Kai ma ai da shi na raine ka." Na duba cikina na yi shiru.

Ba a fafe gora ranar tafiya, haka dattijon nan ya gaya wa yaron da na kai shi wajensa, ya kuma karɓe ƙwayoyin ya zuba a aljihunsa. Ya ce masa ya je ranar gwajin da ruwansa a jiki, in an mayar da shi an mayar, ƙofar tana sake buɗewa. Ya je, an mayar da shi. Ya yi kwana uku ba ya yi mini magana.

Wata biyar ke nan yanzu. Ya bar lemon gwangwani, wanda kowane ɗaya ke ɗauke da sukari wajen giram 35, shi kuma yakan sha uku a rana. Shinkafa tana nan amma ludayi ɗaya, tsire ya dawo. Bayan asuba shi da dattijon suna zagaya unguwa, ɗaya na gudu ɗaya na tafiya yana ƙirga masa. Sikeli ya ce 81, ya sauka da biyar kawai, abin da ke ɓata masa rai. Igiyar da na yanka masa kuwa, wadda a farko tazarar bakinta ta kai tafin hannu, jiya ya zo ya nuna mini saura yatsa biyu ta haɗu. Yayata tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, tana tambaya ko ma'asub ɗin safe ma yana cikin abin da aka hana.